Koyar da Kimiyya da Harshen Uwa ta Hanyar Nazarin Ƙwari

Gabatarwa
Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa a azuzuwan farko na firamare. Wannan darasi zai nuna yadda malamin Hausa zai yi amfani da ƙwarin da ke kewaye da ɗalibai wajen dasa musu tushen kimiyya, tare da ɗaukar garin Moriki na ƙaramar hukumar Zurmi a jihar Zamfara a matsayin misali.

Abin da Yaro Ya Riga Ya Sani
Yaron Moriki ɗan manoma ne. Ya san fara da gara da gyare da zanzaro da buzuzu. Ya ga yadda ake kama shinge a farkon damina, ya kuma ga ɓarnar da fara ke yi wa gero. Aikin malami shi ne ya mayar da wannan sani ilimi mai tsari, domin gani ya kori ji.

Matakan Darasi
Da farko, malami zai raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane da kwalba mai hujajjen murfi. Bayan sun tattaro ƙwarin, sai su ƙirga ƙafafuwansu. Za su tarar cewa na fara shida ne, jikinta kuma kashi uku: kai da ƙirji da ciki. Gizo-gizo kuwa takwas gare shi, don haka masana ba sa sanya shi a wannan aji, ko da yake Bahaushe yana kiran sa ƙwaro. Daga nan sai su ajiye tsutsar da suka samu a jikin ganye, suna ba ta irin ganyen, har ta rikiɗe ta zama malam-buɗe-littafi.

Abin Lura
Saboda matsalar tsaro da ta addabi yankin Zurmi da Shinkafi, wajibi ne a taƙaita wannan aiki a harabar makaranta. Haka kuma a gargaɗi yara game da kunama da rina.

Kammalawa
Idan aka bar yaro da haddar allo kawai, zai tashi bai san kimiyya ba, sunayen ƙwarin da kakanninsa suka raɗa kuma su ɓace masa.

Jinga
Kawo sunayen ƙwari goma na yankinku, ka rarraba su zuwa masu amfani da masu ɓarna.