Allon Laptop Na Ƙyaftawa? A Duba Waɗannan Kafin Sayen Sabo

A Dayi, inda ake yawan caji da janareto ko sola, farkon abin yi shi ne zare caja. Idan allon ya nutsu a kan batir, laifin caja ne ko wutar, allon lafiyarsa ƙalau.

Idan bai daina ba, a danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. In shi ma yana ƙyaftawa, galibi direban hoto ne. Danna Windows, Ctrl, Shift da B yana sake tayar da shi. In shi kaɗai ya tsaya cak, wata manhaja ce da aka saka kwanan nan, sai a cire ta.

Daga nan a riƙa motsa murfin a hankali. Hoton da ke gyaruwa a wata kusurwa yana nuna siririyar wayar da ta ratsa mahaɗar murfin ce ta saki, abin da jijjigar babur ke jawowa. Wannan ya kamata mai laptop ya faɗa wa mai gyara a Malumfashi ko Funtuwa, don kuɗin wayar bai kama ƙafar na allo ba.