Tukunyar Gaz Cikin Mota da Cikin Ɗaki

 Darasinmu na wannan karo bisa tukunyar gaz ne. Tun da matatar mai ta jihar Damagaram ta fara aiki a shekara ta 2011, gaz ya yawaita cikin ƙasa. Icce yana ƙaranci. Mata suna girki da gaz, wasu masu lambu kuma da shi suke tada injin ban ruwa. Amma tukunya ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Cikin mota take zuwa, ta kwana cikin ɗaki. Nan hatsari yake.

Mu san halin gaz

Gaz ɗin tukunya iri biyu ne, furofan da butan. Halinsu ɗaya. Cikin tukunya, gaz ruwa ne da aka matse. In ya fito sai ya zama iska. Lita 1 ta ruwan gaz tana ba da iska wajen lita 250. Zafi yana kumbura shi, don haka ba a cika tukunya har wuya, ana bar mata fili a bisa.

Babban abin riƙewa shi ne: gaz ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. In ya zuba, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta cikin rami da ƙarƙashin gado. Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama wuta. Warin da kuke ji, da gangan aka sa masa, don hanci ya gargaɗe ku.

Dabarar mota mai ɗaki

A Faransa da Amurka akwai wata irin mota da ake yi ma ɗaki a ciki, da gado da murhu. Iyali suna tafiya da ita, suna girki, suna kwana ciki. Wuri ƙarami ne: ga gaz, ga wuta, ga mutane suna barci. Ga dabarar masu ƙera ta. Suna yi ma tukunya akwatinta dabam, a rufe ta wajen masu kwana. Suna huda gindin akwatin, don in gaz ya zuba ya fita ƙasa, waje. Suna ɗaure tukunya a tsaye. Na'urar da ke ƙara in ta ji gaz, kusa da ƙasa suke kafa ta. In za a sha mai, sai a kashe kowace wuta. Mu ma mu yi koyi.

In kun ɗauko tukunya daga gari

1. Ku rufe kanta tam, ku kwance tiyo.
2. Ta zo a tsaye, a ɗaure. In ta kwanta, ruwan gaz ne ke kaiwa ga bakinta.
3. Bayan mota buɗaɗɗe ya fi. In cikin ƙaramar mota ne, a buɗe taga.
4. Kada kowa ya sha taba kusa da ita.
5. Kada a bar ta cikin rufaffiyar mota a rana.

In ta iso gida

1. Ku aje ta inda iska ke shiga da fita, nesa da murhun icce, fitila da danni. Ba ta kwana ɗaki ɗaya da mutane.
2. Bayan kun haɗa, ku shafa ruwan sabulu ga mahaɗa da tiyo. In kumfa na tasowa, gaz yana fita. Ba a gwadawa da ashana, har abada.
3. Tiyon gaz dabam yake da tiyon ruwa. In ya bushe ko ya tsage, a sake sabo. Ɗaure shi da roba ba gyara ba ne.
4. Wuta shuɗiya ita ce ta kirki. In ta yi rawaya tana baƙanta tukunyar tuwo, murhu yana son gyara. Irin wannan wuta tana fidda guba marar wari. Ciwon kai da jiri su ne alamarta. Kada a ɗuma ɗaki da murhun gaz lokacin ɗari.
5. An gama girki, a fara rufe kan tukunya, sannan murhu.

In kun ji wari

Kada a kyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fidda yara da tsofaffi. In wuta ta fi ƙarfinku, ku yi nisa, ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ku koya ma kowa cikin gida yadda ake rufe kan tukunya.

Tambayoyi

1. In gaz ya zuba, ina yake taruwa?
2. Don mi ake huda gindin akwatin tukunya?
3. Da mi ake gwada tiyo?

Wanda ya iya karatu, ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya kiyashe mu, amin.