Me Ya Sa Harafi Ɗaya Ke Ƙin Fita a Kibod Mai Araha?

'Yan uwa ɗalibai, Hausawa sun ce araha ba ta ado. A kibod ɗin kwamfuta irin na makanikal, kowane maɓalli yana da nasa makunni mai ƙafafun ƙarfe biyu, waɗanda ake liƙewa da dalma a jikin allon lantarki. A nan ne masu araha suka fi samun matsala.

Idan dalma ba ta ji zafi sosai ba wajen liƙi, sai ta yi dunƙule, ta dusashe, daga baya ta tsage. Shi ya sa harafi zai fita yau, gobe ya ƙi. Liƙi mai kyau yana da santsi, kuma ya rungume ƙafar gaba ɗaya.

Ga gwaji: a jona kibod, a taɓa ƙafafun biyu tare da hantsaki. In harafin ya fito, allon lafiya lau yake, laifin na liƙin ne ko makunnin. In kuwa layi guda ne ya mutu, a duba hanyar wutar allon.

Kafin gyara a cire waya, a buɗe taga saboda hayaƙi, sannan a wanke hannu, domin wata dalmar tana da guba. Kada a yi saurin jefar da abin da ɗigon dalma zai gyara.