Darasi na 17: Kiwon ƙadangare ba wasa ba ne

A Kasuwar Kilomita Biyar, cikin birnin Bangi, ƙadangaru suna da yawa. Ana ganinsu bisa katanga, bisa kwanon rumfuna, da gindin mangwaro. Namijin yana da jan kai, yana yawan gyaɗa shi. Launin macen kamar na ƙasa yake. Abincinsu tururuwa ne, da gara, da fara. Suna rage mana ƙwari, ba mu biyansu ko dala.

Wasu yara sukan ɗana tarkon zare su kama ƙadangare. Wasu kuma sukan sa hawainiya cikin kwali, su ce kiwo za su yi. Bayan ƴan kwanaki sai dabbar ta mutu. Me ya sa?

Jikin ɗan akuya yana da ɗumi dare da rana. Na ƙadangare ba haka yake ba. Ɗuminsa daga rana yake samun sa. Shi ya sa da safe yake kwanciya bisa dutse yana shan hantsi. In zafi ya yi yawa sai ya koma inuwa. In bai sha rana ba, abinci ba ya narkewa a cikinsa. A cikin kwali kuwa babu rana, babu ƙwari masu rai. Hawainiya ma ba ta saba shan ruwa a kasko ba. Raɓa take lasa, da ɗigon ruwan sama bisa ganye.

A Turai da Amurka akwai mutanen da suke kiwon wani ƙadangare a ɗaka. Sunansa ƙadangare mai gemu. Asalinsa daga busassun dazuzzukan Ostareliya ne, kuma dangin namu mai jan kai ne. Gemunsa ba gashi ba ne. Fata ce mai ƙaya a ƙarƙashin wuya. In ya fusata sai ya kumbura ta, ta yi baƙi. Tsawonsa da wutsiya yakan kai santimita 60. Yakan yi shekara 10 a duniya, ko fiye.

Yana da sauƙin hali, amma kiwonsa akwai wuya. Yana son keji mai tsawon santimita 120. Gefe ɗaya na kejin ya yi zafi wajen digiri 40, ɗaya gefen ya tsaya wajen digiri 25. Ana sa masa fitila biyu. Ɗaya tana ba da zafi, ɗaya tana ba da wani haske irin na rana wanda ido ba ya gani. Wannan haske ba ya ratsa gilashin taga. In babu shi, ƙasusuwan ƙadangaren sukan yi laushi, ƙafafunsa su lanƙwashe, ya kāsa tafiya. Ita wannan fitila ana sāke ta aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ƙaramin yana cin gyare da kyankyaso masu rai kowace rana. In ya girma, ganye ya fi yawa a abincinsa. Kullum kuma sai an kwashe kashinsa.

To, mu duba garinmu. Wutar lantarkin Bangi daga Bowali take zuwa, kuma takan ɗauke. Da damina iskar bakin kogin Ubangi tana da laima sosai, shi kuwa wannan ƙadangare ɗan busasshiyar ƙasa ne. Ga tsadar fitila, ga neman gyare kullum. Yaron da ya fara kiwonsa a aji uku, zai gama firamare bai gama hidimarsa ba.

Damo ma haka ne. Ana kama ƴaƴansa a Gana, da Togo, da Benin, ana sayar da su a Turai da Amurka. Da yawa ba sa daɗewa a keji. Hausawa suna kiransa sarkin haƙuri. Amma shirun damo ba ya nufin yana jin daɗi.

Akwai kuma maganar lafiya. Kashin ƙadangare yakan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela. Tana kawo zawo da zazzaɓi, ta fi kuma wahalar da jarirai. Duk wanda ya taɓa ƙadangare ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Abin tunawa

Dabbar da ka tsare amana ce a hannunka. In ba ka iya ba ta abin da take samu a daji, bar ta inda ka gan ta.

Kalmomi

ƙadangare : le margouillat
hawainiya : le caméléon
damo : le varan
gyare : le grillon
raɓa : la rosée
keji : la cage

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙadangare yake shan hantsi?
2. Yaya hawainiya take shan ruwa?
3. Me yake samun ƙadangare mai gemu in bai sami haske ba?
4. Kawo dalili biyu da suka sa kiwonsa yake da wuya a Bangi.

Aiki

Zauna nesa da katanga minti 10. Lura da ƙadangare ɗaya, kada ka jefe shi. Rubuta abin da ya ci da inda ya ɓuya.