Yadda Ɗan Kasuwar Daura Zai Sa Ƙirƙirarriyar Basira Aiki a Shagonsa

Ba sai ka sayi kwamfuta ba. Tun 2024 Meta AI yake cikin WhatsApp a Najeriya, ga ChatGPT ga Gemini, kuma duk ana fara amfani da su kyauta a wayar da ke aljihunka. Abin da ya rage shi ne sanin aikin da za ka ɗora musu.

Zaɓi aiki ɗaya tak, wanda ya fi ci maka lokaci. A ganina, mai shagon kayan masarufi ko mai sayar da hatsi ya fara da littafin bashi, domin nan kuɗi suke zurarewa ba a sani ba. Ka ba kowane mai karɓar kaya bashi lamba a littafinka. Da yamma, bayan an rufe ciniki, ka rubuta wa manhajar da ka zaɓa: "Lamba 7, gero buhu biyu, ya biya rabi, saura ranar Laraba." Idan ka gama jero na yinin, ka ce ta tsara maka su layi-layi, ta haɗa jimilla, ta ware waɗanda wa'adinsu ya wuce. Sai ka ɗauki kalkuleta ka sake bugawa da hannunka, don tana kuskure a lissafi, kuma ba za ta faɗa maka ba.

Lambar nan tana da dalili. Kada ka shigar da sunan mutum, lambar wayarsa, ta asusun banki ko BVN. Bashi sirri ne tsakaninka da wanda ya ci, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya.

Idan wannan ya zauna, ka ƙara da wasiƙu. Kamfani a Legas yana son takardar oda da Turanci, abokin hulɗa a Damagaram, wanda kayansa ke bi ta Kwangwalam, yana son rasit da Faransanci. Faɗa mata buƙatarka da Hausa, ta rubuta, ka ba wanda ya iya harshen ya duba kafin ka tura. Tallan da ta rubuta maka da Hausa kuwa, gyara shi da bakinka. Hausarta kan fito a sandare.

Kada ka tambaye ta farashi. Ba ta san nawa aka sayar da rago a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ba, ba ta san canjin sefa na yau ba, amma za ta ba ka adadi kamar tana wurin. Wannan aikin dillali ne da wayar abokan sana'a.

In rubutu a waya na ba ka wuya, nemi yaron gida ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ya zauna da kai 'yan kwanaki, amma lambar sirrin wayar ta tsaya a hannunka. Bayan wata guda ka duba: bashi nawa aka karɓo a kan kari, data ta nawa ta tafi? Sai ribar ta fito fili kafin ka biya kuɗin tsarin wata-wata.