Hasan da Husainin Lissafi: Yadda Ake Fitar da Duwal Ba Tare da Hadda Ba

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Rigachikun, ina kuma ƙaro karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a da ke kusa da filin baje koli, a kan hanyar Zariya. A darasin liniya furogiramin ina iya zana girafi in samo amsa, amma da an ce in fitar da duwal sai kaina ya ɗaure. Na haddace jadawalin dokokin tsaf, ranar gwaji kuma suka cakuɗe mini. A taimaka.

Amsa: Haddar ce ta cuce ka. Jadawalin nan sakamako ne, kai kuma ka riƙe shi tun ba ka ga inda ya fito ba. Ajiye shi tukuna, mu leƙa shagon kafinta.

A ce akwai wani kafinta a unguwarku mai yi wa makarantu tebur da benci. Alƙaluman nawa ne, don misali kawai. Tebur ɗaya yana cin falanki 4, aikin awa 3 da gwangwanin fenti 1, ribarsa naira dubu 11. Benci yana cin falanki 2, awa 4 da gwangwani 1, ribarsa dubu 8. A wannan makon yana da falanki 40, awa 50, fenti gwangwani 20. Idan x ne yawan tebur, y yawan benci, burinsa ribar 11x + 8y ta kai ƙololuwa, bisa waɗannan sharuɗɗa:

4x + 2y ≤ 40
3x + 4y ≤ 50
x + y ≤ 20

x da y kuma ba sa sauka ƙasa da sifili. Wannan shi ne furaimal, ni kuwa Hasan nake ce masa a aji. Da girafinka za ka ga amsa: tebur 6, benci 8, riba dubu 130.

To, a ce wani ya yi maka gardama, ya ce ai kafintan zai iya samun fiye da haka. Da me za ka rufe masa baki? Ninka sharaɗin farko da 2, ka samu 8x + 4y ≤ 80. Ɗora masa sharaɗi na biyu yadda yake. Jimilla ta zama 11x + 8y ≤ 130. Dubi hagu da kyau: ribar ce da kanta. Ko kafintan zai kwana yana lissafi, ba zai tsallake 130 ba.

Sirrin duk yana cikin lambobin da muka yi ninki da su, wato 2 da 1, da sifilin da muka ba fenti. Da ba mu san su ba, sai mu sa musu suna u, v da w, mu ninka kowane sharaɗi da nasa, mu tara. Dama za ta ba mu 40u + 50v + 20w. A hagu, x zai zo da 4u + 3v + w, y kuma da 2u + 4v + w. Kafin wannan jimilla ta zame wa riba rufi, dole abin da ke jikin x ya kai 11 ko ya wuce, na jikin y ya kai 8 ko ya wuce. Rufi kuwa mafi ƙasa muke nema, don ka ce wa mutum ribarsa ba za ta wuce miliyan ba, ba ka gaya masa komai ba. Ga Husaini, wato duwal, ya fito: a rage 40u + 50v + 20w iya raguwa, bisa sharaɗin

4u + 3v + w ≥ 11
2u + 4v + w ≥ 8

u, v da w ba sa sauka ƙasa da sifili, saboda ninki da lamba mai alamar ɗebewa yana juya bakin ≤, rufin ya rushe.

Yanzu ɗauko jadawalinka. Sharuɗɗa uku sun haifi haruffa uku, haruffa biyu sun haifi sharuɗɗa biyu. Lambobin da ke tsaye a ƙarƙashin x, wato 4, 3, 1, sun kwanta sun zama layi. Neman mafi yawa ya koma neman mafi ƙaranci. Ba doka aka saukar ba, lissafi ne ya kawo su.

Akwai wata hanyar gane shi da na fi so, don ta fi kama da kasuwa. A ce wani dillali daga kasuwar Fanteka ya zo ya ce wa kafintan ya huta wannan makon, zai karɓi katakon da fentin da awannin yaransa, ya mayar masa da kuɗinsa, ya ɗora masa ribar u a kowane falanki, v a kowace awa, w a kowane gwangwani. Dillali yana so ya biya kaɗan. Kafinta kuwa ba zai sallama kayan tebur ɗaya a ƙasa da dubu 11 ba, tunda in ya haɗa teburin da kansa abin da zai samu ke nan. Inda cinikin zai faɗa shi ne dubu 130 cif, ba ƙari ba ragi. In dai Hasan yana da amsa, Husaini ma yana da ita, kuma adadinsu ɗaya ne.

Me ya sa fenti ya tashi a sifili? Tebur 6 da benci 8 gwangwani 14 kawai suka sha, 6 na nan ajiye. Abin da ya yi saura ba shi ne ya tare riba ba, don haka ƙarinsa ba ya ƙara ko kwabo. Katako kuwa ya ƙare ƙaf. Ka ba kafintan ƙarin falanki 10, zai koma tebur 10 da benci 5, riba ta zama dubu 150: dubu 2 a kan kowane falanki, daidai da u. Ma'ana, ko an yi masa tsadar da ba ta kai dubu 2 ba a kan farashin da ya saba saye, ya saya. Amma kada a zarce. Da katakon ya haura falanki 66 da ɗoriya, duk awannin aiki sun tafi a kan tebur, darajar ƙarin katako ta faɗi warwas.

Abin sha'awa, daga katako ilimin nan ya faro. A 1939 Leonid Kantorovich ya wallafa aikinsa a Leningirad, bayan masu sarrafa faifan katako sun kawo masa matsalar raba aiki tsakanin injinansu, kuma da irin waɗannan lambobin ninki ya warware ta. A Amurka George Dantzig ya ƙirƙiro hanyar simfilas a 1947, a shekarar ce kuma John von Neumann ya nuna masa cewa kowace irin wannan matsala tana da abokiyar tagwaitaka. Gale, Kuhn da Tucker suka buga cikakkiyar hujja a 1951. Kantorovich ya raba kyautar Nobel ta tattalin arziki da Tjalling Koopmans a 1975.

Saura wuraren da ɗalibai ke zamewa. Idan sharaɗi ya zo da alamar daidai, =, harafinsa ba shi da takunkumi, zai iya zama ƙasa da sifili, don abu biyu masu daidaito ko da me ka ninka su suna nan daidai. Idan kuma x ne aka sake, aka ce zai iya zama kowace lamba, to sharaɗinsa a duwal dole ya zama =, saboda hujjarmu ta "ya kai ko ya wuce" ta jingina ne ga cewa x ba ya ƙasa da sifili. Idan kana neman mafi yawa sai ga wani sharaɗi da ≥, kamar a ce makaranta ta nace sai an kawo benci aƙalla 3, ninka shi da −1 ya juya, sannan ka ci gaba. A nan mafi yawan maki ke zubewa, don gaggawa.

Akwai kuma matsalar mai kiwon kaji, wadda ita ce akasin ta kafinta: yana son haɗa masara da waken suya a mafi arha, amma abincin ya cika ma'aunin gina jiki. Shi daɓe za ka nema masa maimakon rufi, sauran aikin duk ɗaya ne.

Ga aikin gida, Malam. Rage fentin kafintan zuwa gwangwani 12, ka warware Hasan da girafi, ka fitar da Husaini da ninki da tarawa, jadawali yana rufe. Duka biyun su ba ka 120, kuma wannan karon v ne zai zauna a sifili. In ba haka ka samu ba, ka sake rubuto mini da lissafinka gaba ɗaya.