Maganar Wani Amana Ce: Yadda Ake Ɗauko Dogon Zance a Rubutu

Jama'ar Birnin Kano, da duk wanda Allah ya ba shi karatu da rubutu, wannan takarda dominku aka yi ta. A yau alƙalami ya yawaita a hannun mutane. Ɗalibi yana rubuta kundin kammala karatu, ɗan jarida yana rubuta labari, mai wa'azi yana buga ɗan littafi, samarin unguwa suna tattara tarihin ƙofarsu ko na masallacinsu. Babu ɗayansu da zai gama aikinsa bai ɗauko maganar wani ya sa a ciki ba. Wannan ba laifi ba ne, don kuwa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Laifin shi ne marubuci ya cakuɗa maganar da tasa, har mai karatu ya rasa inda bakin wannan ya tsaya, na wancan ya kama.

ABIN DA MAGABATA SUKA BAR MANA

Kada wani ya zaci da boko wannan ƙa'ida ta zo. Ka shiga zauren malami a Madabo ko a Sharifai, ka roƙe shi ya kwance maka tsohon littafi na rubutun hannu. Za ka ga in mawallafi zai kawo maganar wani malami, sai ya fara da sunansa da sunan littafinsa, sau da yawa ma da jan tawada. In maganar ta ƙare sai ya rubuta "intaha", ko ya taƙaita da harufa biyu, alif da ha, don a san an rufe. In yana da abin da zai ƙara sai ya ce "ƙultu", mai karatu ya san yanzu mai littafi ne ya karɓi zancen. In kuwa taƙaita maganar ya yi, sai ya faɗa a fili cewa ya taƙaita.

Ga amfanin wannan tsari a tarihin garin nan. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasihohi a kan mulki. Bayan shekara ɗari uku da wani abu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kawo wasiƙar Magili ga Rumfa a cikin littafinsa Tanbihul Ikhwan, ya kuma kawo amsoshin da Magili ya ba Askiya Muhammadu na Songhai a cikin Sirajul Ikhwan. Da yake Shehu ya nuna farkon maganar da ƙarshenta, ya kuma faɗi mai ita, har gobe ɗalibi yana iya ware ta Magili daban, ta Shehu daban. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda ya rubuta Diya'ul Hukkam a nan Kano bisa roƙon mutanen gari, shi ma hanyar da ya bi ke nan.

Mai ɗauko magana tamkar dillali yake a Kasuwar Kurmi. Rigar da ke kafaɗarsa ba tasa ba ce. Ba ya rage mata aiki, ba ya ƙara mata, kuma in an tambaye shi mai ita, ya san ƙofar gidansa.

GAJERE DA DOGO

Zancen da aka ɗauko iri biyu ne, kowane da mazauninsa a takarda.

In gajere ne, jimla ɗaya ko biyu, sai a bar shi cikin sakin layin da ake ciki, a sa masa alamar buɗe zance a gaba, ta rufewa a baya.

In ya yi tsawo, ya kai kamar kalma 40 ko ya haura layi uku zuwa huɗu, sai a ware shi. Ga yadda ake yi:

1. A fara da jimlar gabatarwa wadda ta faɗi mai maganar da inda ya yi ta, a rufe ta da ruwa biyu.
2. A sauka sabon layi, a bar ɗan fili a sama.
3. A tura zancen gaba ɗayansa ciki daga gefen hagu, kowane layi ya tashi daga wuri guda. Masu ɗab'i sukan ɗan rage girman harufansa.
4. Kada a sa masa alamar zance. Turawar da aka yi masa ta wadatar. Sai fa in a cikinsa akwai maganar wani na uku, wannan ita ake yi wa alamar.
5. In ya ƙare a bar fili a ƙasa, a koma gefen da aka saba, marubuci ya ci gaba da tasa.

Baitin waƙa kuwa, ko da ɗango biyu ne, a ware shi, a bar kowane ɗango a layinsa yadda mai waƙar ya tsara. Kada a yi wa zancen ado da manyan harufa ko zane-zane. Wanda ya ƙawata maganar mutum ɗaya ya bar ta abokin jayayyarsa a fili, ya riga ya yi wa mai karatu hukunci tun bai karanta ba.

JINGINA MAGANA GA MAI ITA

Abu biyar ake so mai karatu ya samu: sunan mawallafi, sunan littafi, inda aka buga, shekarar bugu, da lambar shafi. Sunan mawallafi a jimlar gabatarwa yake fitowa, sauran a sa su a ƙarshen zancen ko a ƙasan shafi. "Masana sun ce" da "tarihi ya nuna" ba jingina ba ne, gudun tambaya ne.

Littafin da ake kira Tarihin Kano ya isa darasi. Da Larabci aka rubuta shi, ya faro daga Barbushe da Bagauda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ba ya ɗauke da sunan wanda ya wallafa shi. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka sake bugawa a Legas a 1928 cikin littafinsa Sudanese Memoirs. Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta fitar da shi da Hausa a 1933 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ka ga ke nan littafi ɗaya, baki uku. Wajibi ne marubuci ya faɗi wanne ya riƙe a hannunsa.

Akwai wani tarko a nan. Sau da yawa za ka ji an ce Tarihin Kano ya ce Bagauda ya hau mulki a shekara ta 999. Abin da littafin yake bayarwa shi ne yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado. Palmer ne ya yi lissafi ya koma baya har ya fitar da shekarun miladiyya. Wanda ya cusa 999 cikin zancen da ya ce ya ɗauko daga asalin littafin, ya sa wa mawallafi magana a baka. Daidai shi ne a ce: bisa lissafin Palmer.

Haka in ba ka ga littafin da idonka ba, a littafin wani ka tsinci zancen, to ka ambaci duka biyun, ka ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya kawo. In wancan ya yi kuskure, mai karatu ya san inda zai bi sawu.

ABIN DA BA A TAƁAWA

Zancen da aka ware, kalma da kalma ake kwafe shi. In za ka tsallake wani yanki, sa ɗigo uku a gurbinsa. In dole ka ƙara kalma don a gane, sa ta cikin baka biyu masu kusurwa, a san taka ce. In ka ja layi ƙarƙashin wata kalma don jan hankali, ka faɗa cewa kai ka ja. Tsofaffin littattafan Hausa da aka buga kafin a fara amfani da ƙ da ɗ da ɓ, ɗigo suke sa wa harafi a ƙasa ko waƙafi a gefe. Ka bar su yadda suke, ko kuma ka sanar cewa ka mai da su rubutun yanzu.

Tsallakewa ita ce ta fi haɗari. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya kiyasta mazauna birni da kimanin dubu 30, ya yaba saƙa da rini, ya faɗi yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Amma ya kuma yi maganar kududdufai da rashin lafiyar da suke jawowa, ya yi bayanin cinikin bayi. Kana da ikon ɗauko yabon kaɗai in zancen sana'a kake yi. Ba ka da ikon yanka jimlolinsa ka ɗinke, ka nuna kamar bai ga aibu ko ɗaya ba. Kuma da yake da Jamusanci da Turanci littafinsa ya fito a 1857 da 1858, duk maganarsa da ka gani da Hausa fassara ce. A faɗi wanda ya fassara, in kai ne ka ce fassarata ce.

MAGANAR BAKA

Rabin tarihin cikin ganuwa a ƙirjin dattawa yake. In ka zauna da marini a Ƙofar Mata, ko maƙeri, ko wata gwaggo da ta san waƙoƙin daɓe, ita ma maganarsu amana ce. Ka nemi izini kafin ka naɗa. Ka rubuta sunan mai bayani in ya yarda, da sana'arsa, da unguwa, da ranar da kuka yi hirar. Kada ka goge masa karin harshe ka mai da shi na gidan rediyo. In ya ce shi ma daga kakansa ya ji, rubuta haka.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare littafi tsawon ran mawallafinsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka littafinsa Magana Jari Ce yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051. Doka ta yarda a ɗauko ɗan yanki don nazari ko sharhi ko ba da labari, muddin an ambaci mai shi. Ba ta yarda a kwashe babi sukutum a ce ai an faɗi sunansa ba. Littafin da kariyarsa ta ƙare kuwa, kamar na Barth wanda ya rasu a 1865, an sauke maka neman izini, ba a sauke maka faɗin mai shi ba.

KIRA

Malaman makaranta, ku koya wa yara wannan tun suna rubuta insha'i, kada ku jira sai sun shiga jami'a. Masu maɗaba'a, in an kawo muku littafi da dogon zance babu jingina, ku mai da shi ga mai shi ya cike. Ɗalibai, kafin ku kwafi zance daga waya, ku nemi littafin kansa. Akwai ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, akwai Gidan Makama, akwai masu sayar da littattafai a Kurmi. Kuma kowa, kafin ya miƙa rubutunsa, ya ɗora yatsa a kan kowane zance da ya ware, ya tambayi kansa abu uku: Wa ya faɗa? A ina? Haka ya faɗa? In ɗaya ta gagara amsawa, a cire zancen har sai an samo amsar. Allah ya sa mu dace.